Geron Kawu Illa a Lambun Lekwal

Tun shekaranjiya ruwa yake zuba a unguwarmu ta Williamsville, irin na watan Yuni, wanda ba ya tsawa ba ya iska, sai dai ya sa kai ƙasa ya yi ta aiki. Kwatar ƙofar gidanmu ta cika ta tumbatsa, motocin haya da ake kira woro-woro sun daina hawowa layinmu, kayan da na shanya a ɗaki sun ƙi bushewa. A cikin wannan hali jikata Nana ta dawo daga makaranta riƙe da kofin roba, da ƙasa a ciki da ɗan tsiron wake mai ganye biyu. Ta ce ran Asabar za a yi bikin rufe makaranta, kowane yaro zai tsaya da shukarsa ya faɗi abin da ya gani. Tana yi mini Faransanci ina mayar mata da Hausa, yadda muka saba. Sai ta miƙo mini kofin, ta ce malamarsu ta ce a huda gindinsa don ruwa ya riƙa fita. Na karɓa, na zauna da shi a hannu na daɗe ban tashi neman ƙusa ba.

Kofin nan ya mayar da ni baya shekara arba'in, ko kusa da haka. A lokacin muna unguwar Treichville, ba nisa da tashar motar Gare de Bassam, a gidan haya mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna kewaye. Baba yana sayar da albasa a kasuwar Adjamé, ya tsallaka gada da sassafe, sai bayan magariba mu gan shi. Inna tana sayar da koko da ƙosai a bakin titi. Ni ce babba, kuma ni kaɗai ce a lekwal, wato makarantar boko. Da Baba ya kai ni ta gwamnati aka ce babu wuri, sai ya zarce da ni ta mishan da ke bayan layinmu, aka karɓe ni. Mutanenmu sun yi ta surutu, wai ya kai 'yarsa a mayar da ita Kirista. Shi kuwa ya ce karatu ya kai ni, salla tana gida. Haka aka yi ta tafiya. Da safe su yi addu'arsu a tsaye, mu 'ya'yan Musulmi mu rungume hannu mu jira su gama, da yamma in ɗauki allona in tafi wajen malam.

Matsalata a lekwal ba ta addini ba ce, ta baki ce. A gida har rantsuwa ake yi cewa da surutu aka haife ni, amma da na taka ƙofar aji sai harshena ya yi nauyi. Ina jin Faransanci, ina rubuta shi daidai gwargwado, sai dai tun ranar da na buɗe baki a ajin farko aka kwashe da dariya na ƙulle shi. Duk abin da aka tambaye ni, amsata ɗaya ce: wi, Madam, wato i, Malama. Ko an ce ina babban birnin ƙasa, wi, Madam. Har yaran ajinmu suka manta sunana Ramatu, suka koma kirana Wi-Madam, ni kuma ina amsawa.

A shekarar da nake ba da labari, damina ta ƙi a gida, can ƙasar Adar inda iyayena suka fito. Ba a ɗauki komai a gona ba. Tun bayan kaka baƙi suka fara sauka gidanmu, wannan ɗan ƙanen Baba ne, wancan maƙwabcin kakanmu ne, kowa da tabarmarsa a naɗe. Maza suna kwana a baranda, mu muna cunkushe a ɗaki. Tukunya ba ta ƙara girma ba, sai dai miya ta ƙara ruwa. Motocin albasa ma sun ragu, Baba yana dawowa da fuska a ɗaure. Cikin baƙin nan har da Kawu Illa, yayan Inna, manomi ne da ake kwatance da shi a garinsu. Ya sayar da dabbobinsa, ya kai iyalinsa gidan surukai, ya zo da tabarma da kan fartanya ba ƙota, da wata 'yar jakar fata da yake ɗaurawa a ƙugu. Irin gero ne a ciki. An ci komai a gidansa, amma ya hana a taɓa wannan. Kullum yana bin samari zuwa tashar jiragen ruwa neman dako, yawancin ranaku a zaɓi masu ƙarfi a bar shi ya dawo.

Gwaggo, yayar Baba da ke ɗakin kusa da namu, ita ta fara faɗin abin da kowa yake tunani. Ta ce ga yarinya ta kai ta riƙe gida tana yawo da jakar littattafai, uwarta kuwa da goyo da ciki tana neman karyewa. Ta ƙara da cewa shekara nawa ana kai ta lekwal, ko gaisuwa ba a taɓa jin ta yi da Faransancin ba. Wannan kam gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya fi yi mini zafi. Baba ya gama cin tuwonsa, ya wanke hannu, sannan ya ce:

"Ta ƙare shekarar nan. Ranar da za su rufe zan tafi da kaina in ga abin da aka koya mata. In na ga abin kirki ta ci gaba. In ban gani ba, ta zauna ta kama wa uwarta."

Baba ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne. Ba ya sayen buhu sai an kwance bakinsa ya gani. Ni kuwa ina son lekwal kamar raina, ko da yake ba wanda zai gane haka daga ganina. Ina son ƙamshin alli, ina son taswirar da ke jikin bango, ina son cewa akwai wuri ɗaya a duniya da ba a aike na ɗebo ruwa.

Malamar ajinmu sunanta Madam Akisi, doguwa ce, ba ta da yawan dariya, ba ta kuma duka sai abu ya kai maƙura. A makarantar, kowane aji yana da abin da zai nuna wa iyaye ranar rufewa. Ƙananan aji su yi waƙa, manya su yi wasan kwaikwayo, wasu su baje ɗinki da zane. Mu ajinmu lambu aka ba mu. Akwai wani fili a bayan ajujuwa, kusa da katanga, Madam ta raba mana shi, kowa ɗan yanki kamar faɗin tabarma. Ta ce kowa ya zo da irin abin da ake ci a garinsu ya shuka, ya kula da shi, ranar biki ya tsaya kusa da shi ya yi wa iyaye bayani. Da na ji maganar bayani sai na ce a raina idan shukata ta yi kyau, ita za ta yi mini magana, Baba ya gani da idonsa. Madam ta ɗauki fartanya ta nuna mana yadda ake tara ƙasa a yi tudu, a shuka a kai. Muka yi ta yi har hannuwanmu suka yi kanta. Ta ce ran Alhamis, da ba a karatu, wanda yake da babba a gida zai iya kawo shi ya taya shi shuka.

Yara suka zo da masara da kuɓewa da gyaɗa da itacen rogo. Ni na je wajen Kawu Illa. Ban taɓa tsammanin zai kwance jakar nan ba, amma da ya ji gona ce, sai fuskarsa ta sake, karon farko tun zuwansa. Ya sami wani itace ya yi wa fartanyarsa ƙota. Ran Alhamis ya riga ni shiryawa.

Da muka isa ya tsaya yana kallon tuddan da na sha wahalar tarawa, ya dube ni, ya sake dubansu.

"Ɗiyata, wa ya hwaɗa miki ana shibka hatsi bisa tudu? In ruwa ya zo, ina za shi tsaya?"

Na ce Madam ce ta nuna mana. Ya ce Madam ta san littafi, Allah ya ƙara mata sani, amma shi tun bai kai ni ba yake noma. Nan take ya baje tuddan. Ya haƙa ramuka masu faɗin ƙwarya, ya jera su, ya zuba busasshen kashin tumaki da ya tsinto a ƙunshi, ya rufa da 'yar ƙasa. Ya ce haka ake yi wa ƙasa mai rowa, duk ɗigon da ya faɗo sai ya gangara cikin ramin ya zauna a gindin shuka. Sannan ya kwance jakar, ya tsakuro irin da yatsu uku, ya yi bisimilla a kan kowane rami. Na san abin da Madam ta ce, amma yarinya ba ta gyara wa kawunta noma. Ban da haka ma, aikin ya yi kyau a ido, har na ji ina alfahari.

Da Madam ta ga ramukan ta tambaye ni wa ya yi wannan, kuma me ya sa. Na ce wi, Madam. Ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta ce a bar shi, za mu ga abin da zai koya mana.

Makonnin farko Kawu ne da gaskiya, kuma wannan ina son a sani. Ruwan farkon damina a nan wasa yake yi, ya zuba yau ya ɗauke kwana da kwanaki, rana ta fito ta gasa mutane. Tuddan yara suka bushe suka tsage, masararsu ta naɗe ganye, suna ta jigilar ruwa da gwangwani daga famfo. Ni kuwa ramukana suna riƙe da laima. Gerona ya riga na kowa fitowa, ya yi kore shar, har direkta, shugaban makarantar, ya tsaya a kansa wata safiya yana gyaɗa kai. Kawu yakan biyo ta bayan katanga in ya dawo daga tashar jiragen ruwa, ya ɗaga ƙafa ya leƙa. Ranar da bai sami dako ba ma sai ya shigo gida yana ba da labarin tsawon da geron ya yi.

Sai azumi ya kama, babban ruwa kuma ya iso tare da shi. A shekarar na fara kai azumi har magariba, don na nuna wa Gwaggo cewa lekwal ba ta lalata ni ba. Azumin damina ba ya da ƙishirwa, amma yunwarsa mai sanyi ce, tana shiga har ƙashi. Mukan yi sahur da ragowar tuwo da aka ɗumama, gawayi ya jiƙe yana ta hayaƙi, Inna tana fifita tana tari. Kafin in tafi lekwal sai na wanke waken ƙosai na kai inji, na jera kwanuka. Sana'ar Inna ta koma ta yamma saboda masu buɗa baki, don haka da na dawo zan ɗauki bokitin koko a ka in kai bakin titi, in tsaya riƙe mata laima a kan kaskon mai. Treichville ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya a bakin ruwa, in an yi kwana biyu ana zuba sai kwatoci su haɗe da titi. Mukan tafi makaranta da takalma a hannu, da leda a ka, mu zauna a aji rigunanmu suna tururi. A bakin ƙofar makaranta mai aloko tana soya ayabarta da manja, ƙamshin ya biyo iska ya same ni har kujerata.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga wannan azumin shi ne Kawu Illa da ruwan indararo. Mutumin da ya shekara yana duban sama bai ga hadari ba, ga shi zaune a baranda ruwa yana kwarara daga rufin kwano yana bin kwata yana tafiya. Ba ya iya zama ya kalla. Sai ya tashi ya tara bokiti, ya tara baho, ya tara tukwanen Inna, har da butar alwala. Su cika, ya rasa inda zai juye, ya tsaya cikin ruwan yana dube-dube. Matan gidan suna dariya, suna ce masa ga famfo nan a tsakar gida. Yakan ce ya sani, ransa ne ba ya ba shi.

A lambu kuwa, ramukan suka yi aikin da aka haƙa su dominsa. Suka tara ruwa, suka riƙe, suka ƙi saki. Da farko na riƙa kwashewa da gwangwani, kafin a tashi sun sake cika. Ganyen geron ya fara rawaya daga ƙasa, karan ya yi laushi, ya kwanta ɗaya bayan ɗaya. Wata safiya na ja guda ya zo hannuna ba saiwa, yana wari. Masarar yara kuwa tana bisa tuddanta, ta miƙe ta fi mu tsawo. Kafin a shiga goman ƙarshe na azumi, yankina ya zama ɗan tafki, har da 'ya'yan kwaɗi suna iyo a ciki. Kawu ya leƙa ta katanga ya gani. Ya daina biyowa ta wannan hanyar, ya kuma daina ba da labari wajen shan ruwa.

A makaranta an shiga hidimar ƙarshen shekara. Mun gama jarrabawa, ana ta koyon waƙoƙi, ana yanka takardu masu launi ana liƙawa a igiya, ruwa yana jiƙa su ana sakewa. Kowace rana Madam tana fitar da wasu su gwada bayaninsu a gaban aji. Ni ina lissafin yadda zan yi ciwon ciki ranar bikin, sai in tuna ko na je ko ban je ba Baba zai je.

Saboda azumi ba na fita lokacin tara, nakan zauna a aji in kifa kai a tebur. Madam Akisi ta saba cin burodinta a kujerarta, amma tun da ta lura da ni ta koma ci a baranda. Rannan ta shigo ta zauna a bencin da ke gabana, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba ta tambaye ni me zan faɗa ranar biki ba. Ta ce ita 'yar kurmi ce, ba ta taɓa zuwa arewa ba, kuma tun ranar da ta ga ramukan nan take mamaki, don wanda ya haƙa su ba da wasa ya haƙa ba, hannunsa ya san aiki. Ta ce in gaya mata, me ya sa mutum zai yi wa shuka rami?

Wannan ce tambaya ta farko da aka taɓa yi mini a makarantar nan wadda amsarta ba ta cikin littafi, kuma duk ajin ni kaɗai na sani. Na fara da kalma ɗaya-ɗaya, ina kallon tebur. Na ce a garinsu ruwa kaɗan ne. Na ce ƙasar tana da tauri, in ruwa ya faɗo gudu yake yi. Na ba ta labarin jakar fata, da dabbobin da aka sayar, da tukwanen da ake tarawa a indararo. Inda kalma ta ɓace mini sai in kwatanta da hannu, ita kuma ta ba ni kalmar, in ɗauka in ci gaba. Ba ta gyara mini kuskure ko ɗaya ba sai da na kai aya. Da aka kaɗa ƙararrawa ta miƙe ta ce abin da zan faɗa ke nan, kada in ƙara kada in rage.

Na yi murna har na isa gida, a nan murnar ta koma ciki. Kawu baƙo ne a gidan mijin ƙanwarsa, yana cin tuwon da bai nema ba. Abu ɗaya da ya rage masa da ake girmama shi a kai shi ne noma. Yanzu ni zan tsaya a gaban jama'a, a gaban Baba, in ce nomansa ne ya kashe shukar. In kuwa na yi shiru, na bar lekwal. Na so ya ce ba zai je ba, amma da safiyar ranar na gan shi ya sa rigarsa ta Juma'a.

An wayi gari da yayyafi. An kafa rumfa a filin makaranta, iyaye sun cika benci, mata da laimomi, fasto ya buɗe da addu'a. Baba ya bar rumfarsa a hannun maƙwabci, ya zo daga Adjamé ƙafafunsa duk taɓo, ya zauna can baya shi da Kawu, ga azumi a bakinsu. Aka yi waƙoƙi, aka yi wasan kwaikwayo, wani yaro da ya fito a matsayin tunkiya ya zame ya faɗi aka yi ta dariya. Aka kira waɗanda suka yi na ɗaya zuwa na uku aka ba su littattafai, ba na ciki. Na saci kallon Baba, fuskarsa irin ta wanda aka nuna wa kayan da bai zo saye ba.

Daga nan aka zagaya lambu. Kowane yaro yana tsaye gefen tudunsa, ya faɗi sunan shukarsa da yadda ta girma, a tafa masa a wuce. Ni ce ta ƙarshe, a jikin katanga, tsaye a kan bulo don kada in nutse. Da jama'a suka iso suka ga ruwa da ruɓaɓɓun karare, wasu suka fara murmushi. Na ji wani yaro a baya ya ce Wi-Madam. Madam Akisi ta tsaya gefe ta harɗe hannu, ba ta ko dube ni ba.

Na ce sunana Ramatu, abin da muka shuka gero ne, kuma ya mutu. Na ce mun haƙa ramuka, ban ce wane ne ya haƙa ba. Na faɗi yadda ƙasar iyayena take, inda ake yin rami don a kama ruwa, nan kuwa ana yin tudu don a kore shi. Na ce a makonnin rana gerona ya fi na kowa, duk wanda yake nan shaida ne, direkta ya ce haka ne. Na ce irin nan daga gonar da ba ta ba da komai ba bara ya fito, mutane sun kwana da yunwa ba su ci shi ba. Na ce abin da na koya shi ne, kafin a shuka sai a tambayi yadda ruwan wurin yake. Da na gama ba wanda yake murmushi. Wata tsohuwa mai babban ɗankwali ta tambaye ni yadda ake cin geron, na yi mata bayanin fura da tuwo, har na zarce sai da Madam ta yi gyaran murya.

Aka tafa, jama'a suka koma rumfa. Baba yana jin Faransancin kasuwa, ya gane yawanci. Kawu kuwa ko kalma bai ji ba, sai dai ya ga ana kallon ramukansa. Ya tambayi Baba me na ce. Baba ya ce mini in maimaita da Hausa. Wannan ya fi na farko wuya nesa ba kusa ba. Na maimaita, ina ta cewa mun yi, mun haƙa, idona a ƙasa.

"Ba ku kunka haƙa ba," in ji Kawu. "Ni na haƙa. Tudu ta yi, ni na baje shi."

Ya tattare rigar Juma'arsa ya tsuguna, ya tsoma hannu a rami ɗaya har wuyan hannu, ya ɗebo ruwan yana kallonsa yana zurara ta tsakanin yatsunsa. Ya ce da abin da ke cikin ramukan nan kaɗai ya sauka a gonarsa bara, da yanzu yana gida. Na ji hawaye ya zo mini, tausayinsa ya kama ni fiye da tsoron da nake ji wa kaina. Sannan ya miƙe ya fuskanci Baba, shi da ko ƙarin miya bai taɓa nema ba a gidanmu.

"Maigida, ni na zo ƙasar mutane da abin da na sani, ga shi nan ya ruɓe. Wagga ɗiya kada a hidda ta daga lekwal."

Baba ya ce ya ji, amma uwarta fa, wa zai kama mata?

"Aikin da take yi ma uwatta, ni za ni yi."

Muka fito, su biyu a gaba ni a baya, ruwa ya sake tsinkewa. Na ɗauka gida za mu, sai na ga Baba ya karkata wajen Gare de Bassam, ya shiga rumfar wani tela da ya sani. Ya nuna yadin 'yan makaranta, mai gida-gida shuɗi da fari, ya ce a gwada ni. Tela ya ɗora awo a kafaɗata ya sauke zuwa gwiwa. Baba ya ce ya ƙara. Ya ƙara, Baba ya ce ya sake ƙarawa, ba na shekara ɗaya yake saye ba.

Rigar ta zo mini har kusan idon sawu, yara sun yi mini dariya da aka koma, amma a lokacin na iya ramawa. Kawu kuwa ya cika alkawari. Tun washegari ya ɗauki waken Inna ya kai inji, ya bi layin mata ya tsaya. Da yamma ya ɗora bokitin koko a ka, namiji mai furfura a gemu, ya ratsa ta gaban 'yan garinsu da ke zaune a bakin masallaci. Sun yi masa ba'a, Gwaggo ta ce duniya ta zo ƙarshe, Inna da kanta ta yi ta roƙonsa, "Yaya, don Allah ka bari." Bai bari ba, har sai da labari ya zo cewa ruwa ya sauka a gida. Ya ɗaura jakarsa da ragowar irin ya tafi, ban sake ganinsa ba, don bai yi tsawon rai bayan nan ba. Ni ban zama minista ba, amma na yi karatu har na yi aikin jinya na ci abinci da shi, kuma tun daga ranar ba a sake samun wanda ya iya rufe mini baki ba, mijina shaida ne.

Makarantar su Nana ba ta da fili, bene ne, shi ya sa lambunsu ya koma kofin roba. Da ta ga har yanzu kofin yana hannuna ta taɓa ni ta ce, Kaka, a huda. Na samo ƙusa na ɗora a wuta, na huda gindin kofin wuri uku, ruwan da ya taru ya ɗiɗɗiga a tafin hannuna. Ta karɓa ta ajiye a taga, ta tsaya a gabana tana gwada abin da za ta faɗa ran Asabar. Na saurare ta har ƙarshe ban gyara mata komai ba. Da ta gama na tashi na ɗauki baho na kai bakin indararo na tara. Ta ce ai akwai famfo a gidan. Na ce na sani.